Daren Da Na Sa Surukata Ta Tsallake Ɗana

Ni Bahaushiya ce, Kirista, an haife ni a wani ƙauye a ƙasar Kafur, kudancin Jihar Katsina. Mutanenmu su ne ake kira Maguzawa. Na sha ba da wannan shaida da baki a taron Zumuntar Mata, amma kullum akwai wurin da nake tsallakewa saboda kunya. Yau zan faɗe shi duka.

Kakata ta wajen uba 'yar bori ce. An yi mata girka tun tana budurwa, Inna ce a kanta, wadda a gidanmu ake ce wa Uwar Gona. Kafin a sa fartanya a ƙasa kowace damina sai an zubar mata da jini a gindin wata tsamiya da ke bayan gida. Babana ya karɓi Yesu yana saurayi, ta bakin wani mai bishara na ikilisiyar ECWA da ke zuwa ƙauyen a kan keke. Da kakana ya rasu gida ya dawo hannunsa, sai ya tattaro layu da guraye da ƙahonin da ke rataye a jikin rumbu, ya cinna musu wuta a tsakar gida. Ban fi shekara shida ba a lokacin, amma ƙaurin fatar nan yana hancina har yau. Kakata ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta ce wa babana, "Ƙona abinka. Amma Inna ba ta yafe bashi. In ba ta karɓa a hannunka ba, za ta karɓa a kan jikoki."

Na tashi a cikin ikilisiya: makarantar Lahadi, ƙungiyar mawaƙa, baftisma a rafi ina shekara goma sha biyar. Babana yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar nan ta 1932 da su Dokta Miller na Wusasa suka yi wa aiki, bangonsa duk ya cinye, da shi ya koya mana karatu a gaban fitilar ƙwai. Na haddace ayoyi da yawa. Amma maganar kakata tana kwance a ƙarƙashinsu kamar garwashi a cikin toka, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na yi aure ina shekara ashirin da ɗaya. Maigidana malamin firamare ne, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana zaune tare da mu tana sana'ar daddawa. Mama nake ce mata. Uwata ta riga ta rasu kafin aurena, saboda haka da na haihu Mama ce ta yi mini jego. Ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa, kwana arba'in ba fashi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin ni na manta da shi lokacin da ya kamata in tuna.

'Yata ta fari tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ta tsala ihu. Idanunta suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi ta allura. Tana shekara ɗaya da wata takwas ta cika a bayana, muna kan babur, ba mu kai asibiti ba. Ta biyu mace ce, ta zo da lafiyarta, har yau tana nan. Na uku namiji, shi ma kumburi, shi ma kuka, an ƙara masa jini sau ɗaya, ya kai shekara uku ya tafi. Daga nan na fara jin kalmar wabi tana bin bayana a bakin rijiya. Da na haifi na huɗu, wata tsohuwa ta ce a kai shi a ajiye kan juji a sa masa suna Ajuji, ko mutuwa za ta raina shi ta bar shi. Na ƙi. Yana wata takwas, yatsunsa suka fara kumbura.

Murya biyu suka same ni a lokaci guda. Gwaggona, ƙanwar babana, wadda ba ta taɓa barin al'adar gida ba, ta zo da dare ta ce, "Kin tuna abin da tsohuwa ta faɗa. Bashin ne ake karɓa." Ta damƙa mini laya ɗinkin jar fata, ta ce in sa a ƙarƙashin matashin yaron. Na karɓa, hannuna yana rawa. Wata maƙwabciya kuma ta kai ni wani gidan addu'a a wani gari, wurin mutumin da ake ce wa annabi. Ya sa ni azumin kwana uku ko ruwa babu, na sayi man zaitun a wurinsa, na sayar da akuyata biyu na kai kuɗin. A rana ta uku ya rufe ido ya ce, "Akwai tsohuwa a gidanki, kina ci daga hannunta. Ita ta kama kurwar yaranki." Na ce ai 'yata ta biyu a ɗakinta take kwana, ko ciwon kai ba ta yi. Ya ce, "Ita ta zaɓa ta gaje ta."

Gidan Bahaushe nawa ne babu tsohuwa a ciki? Ban yi wannan tunanin ba a ranar. Na dawo gida da man zaitun a goshin ɗana, laya a ƙarƙashin kansa, na ɗauke 'yata daga ɗakin kakarta. Na daina cin tuwon Mama. In ta miƙo hannu za ta karɓi yaron sai in juya baya. In ta yi tari da dare sai gabana ya faɗi. Duk alherin da ta taɓa yi mini na juya shi ya zama shaida a kanta: ashe shi ya sa take son yi musu wanka, ashe shi ya sa take tauna musu abinci. Ina addu'a fiye da kowane lokaci a rayuwata, ina ɗaure aljannu ina aika wuta, amma fuskar tsohuwar nan ce a gabana duk sa'ad da na ce magabci, wato Shaiɗan.

Daren ya zo a tsakiyar hunturu. Maigida ya tafi wani taron malamai. Yaron yana shekara biyu, ciwon ya tashi tun magariba, yana banƙarewa yana kiran ƙafarsa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ɗauke shi na je na dinga dukan ƙyauren Mama da ƙafa, ina ihu, "Fito ki sake mini ɗana! Kin ci biyu, ba za ki ci na uku ba!" Maƙwabta suka taru da tocila. A al'adarmu in an kama maye sai a sa shi ya tsallake mara lafiya don kurwa ta dawo. Na shimfiɗa zanena a ƙasa mai sanyi na kwantar da yaron. Mama ta fito ba ɗankwali, furfurarta a waje, gaban maza da yara. Tana da ciwon gwiwa. Ta dube ni, ta ce, "'Yata, in tsallakawata za ta ba shi lafiya, zan yi ta tsallakawa har gari ya waye." Ta dafa bango, ta ɗaga ƙafa da ƙyar. Sau uku. A na ukun zanenta ya harɗe ta, saura kaɗan ta faɗi, babu wanda ya miƙa hannu ya tare ta.

Yaron bai daina kuka ba. Da gari ya waye Mama ta ɗaure kayanta a tsumma ta tafi wurin 'yarta a wani ƙauye. Labari ya riga ta isa. Daddawarta ta daina fita, mata suna janye yaransu in ta wuce.

Da maigida ya dawo ya ji, bai ɗaga mini hannu ba, bai zage ni ba. Ya yi shiru, shirun da ya kai watanni. A cikin wannan shirun ne na san cewa akwai Magabci, sani irin na wanda aka shaƙe. Barci ya ƙaurace mini. Kowane dare tsakanin ƙarfe biyu da huɗu maganganu suke zuwa, a jere, ba gaggawa, kamar mai karanta takarda: Allah ya bar ki. Babanki ya jawo, ke za ki biya. Wannan ma zai mutu. Mijinki ya tsane ki. In ba ki nan kowa zai huta. In na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. In na ɗan runtsa sai in ga doguwar mace tsaye a gindin tsamiyar gidanmu tana miƙo hannu.

Wata asuba na tashi na nufi rijiyar bayan gari ba guga a hannuna. Na tsaya a bakinta ina kallon duhun ciki. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai aka buga ƙarfen majami'a na addu'ar safe, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da ke rataye a bishiya, na ji shi sau dubu a rayuwata. Ƙafafuna suka juya da kansu. Na shiga na zauna a bencin baya, ba mayafi, ba takalmi.

Uwar Zumunta, shugabar Zumuntar Matanmu, ce ta gan ni. Dattijuwa ce da ta yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ta yi ritaya. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kama hannuna zuwa gidanta, ta dama koko ta saya mini ƙosai ta tsaya a kaina sai da na cinye, ta shimfiɗa mini tabarma ta ce in kwanta, za ta aika a duba yara. Daga baya ta nuna mini a 1 Sarakuna 19 cewa haka Allah ya yi da Iliya ranar da ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace: abinci da ruwa da barci tukuna, magana daga baya. Na yi barci har rana ta karkata.

Da na farka na kwashe komai na faɗa mata, har layar. Ta ce, "'Yata, na ji kina yaƙi. Da wa kike yi?" Na ce da masu cin yarana. Ta buɗe Afisawa 6 ta miƙo mini ta ce in karanta aya ta 12 da ƙarfi, inda Bulus ya ce famarmu ba da nama da jini ba ce, da ikoki ne da mugayen ruhohi. Ta ce, "Surukarki tana da nama?" Na ce e. "Tana da jini?" Na kasa amsawa. Ta ce in ci gaba zuwa makaman Allah da Bulus ya lissafa. Ta tsayar da ni a na farko, gaskiya ita ce ɗamara. Ta ce, "Ke mace ce, kin san in za ki yi daka sai kin ci ɗamara, in ba haka ba zane ya kwance a gaban mutane. Kin ɗauki takobi kin fita ba ɗamara, kina sara a cikin duhu, kin sari uwar mijinki. Jibi za mu Zariya, ke da maigidanki da yaran duka, a duba jininku."

A asibitin koyarwa na Shika aka ɗebi jininmu. Ni AS, maigida AS, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba mu da ciwon; yaron SS, wato yana da ciwon sikila. Likitan ya zana gida huɗu a bayan takarda, ya ce in uwa da uba duka AS ne, kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, na baya ba ya rage wa na gaba komai. Ya bayyana mana yadda ƙwayoyin jinin ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin, shi ne kumburin hannu da ƙafa a jarirai, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓi suna tayar da shi. Ya ce Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Lokacin aurenmu babu wanda ya ce mu yi wannan gwaji. Yanzu ikilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardarsa, kuma ina goyon bayansu da dukan zuciyata.

Ina riƙe da takardar a cikin mota muna dawowa, sai na ga Mama tana dafa bango. Na fashe da kuka har direba ya rage gudu. Rabin ciwon daga jinina ya fito. Na ɗauko shi daga gidan ubana na kawo, sannan na tara wa tsohuwa jama'a.

Wasu da na ba wa labarin nan sukan ce, to ashe dai ciwo ne kawai, babu wani Shaiɗan a ciki. Ban yarda ba. Sikila tana cikin jini, wannan gaskiya ne, kuma na gode wa Allah da likitoci. Amma sikila ba ta magana da ƙarfe biyu na dare. Sikila ba ta kai ni bakin rijiya ba, ba ita ta juya kunun kanwar jego ya zama guba a idona ba. Yesu ya kira Iblis uban ƙarya, mai kisankai tun farko, a Yohanna 8:44, kuma haka ya zo mini, ƙarya a gaba, kisa a baya. Ya tarar da rauni a gidana ya zauna a kai kamar ƙuda a kan gyambo. Ya tarar da ƙofar da maganar kakata ta bari a buɗe shekara ashirin da wani abu, ya shigo ta nan. Yesu ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama. Duk macen da ta taɓa sheƙar hatsi a masussuka ta san abin da ake nufi: a ɗaga ka sama a sake ka, iska ta yi ta dukanka, a ga abin da zai rage. Ba na musun cewa aljannu suna kama mutane. Na ga kakata in sun hau ta, muryar da ke fita ba tata ba ce, kuma Markus 5 yana nan da mutumin da ke zaune a makabarta yana tsinke sarƙoƙi. Amma ni ba ta wannan hanya aka zo mini ba. An zo mini da ayoyi a baki da man zaitun a hannu. Ru'ya ta Yohanna 12:10 ta kira shi mai ƙarar 'yan'uwanmu. Duk mai wa'azin da sana'arsa ita ce nuna wa matan da suka yi rashi wata tsohuwa a gidansu, ya zauna ya tambayi kansa aikin wa yake yi. Ina faɗin wannan da zafi domin har gobe ana yi, kuma akwai tsofaffin da ba su tsira da ransu ba.

Yaƙin gaske bayan Shika ya fara. Na kai layar gaban Baba Fasto da dattawa biyu, muka karanta Ayyukan Manzanni 19, inda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu a gaban jama'a, muka sa mata wuta a bayan majami'a. Ƙaurin fatar ya tashi, irin na ranar babana sak. Daren nan ban runtsa ba don tsoro. Bayan mako uku yaron ya kwanta ciwo mai tsanani, muryar ta dawo da ƙarfinta: kin gani, kin ƙona, yanzu za ki binne. Gwaggona ta aiko a ce mini tana da wata. Na goya shi na tafi asibiti, ina tafe ina faɗa da baki, kamar mahaukaciya a idon masu wucewa, "Yesu ya biya bashina, babu mai bin gidanmu bashi." Kwana shida muka yi, aka sallame mu.

Zuwa wurin Mama ya fi ƙona laya wuya. Sau biyu ina shiryawa ina fasawa. A na uku maigida ya ɗauke ni a babur, maganar kirki ta farko da ta shiga tsakaninmu a watanni ita ce, "Hau mu tafi." Mun same ta tana tsince kalwa a inuwa, ta rame. Na durƙusa na kama ƙafafunta, ƙafafun da na sa su tsallaka. Na ce, "Mama, na yi miki ƙarya, na ci mutuncinki, ki yafe mini saboda Allah." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Jikokina ne fa. Ni ma na binne su." Ban taɓa tunanin ita ma tana makoki ba sai a ranar. Ta ɗora hannu a kaina ta ce ta yafe, amma ba ta biyo mu ba.

Uwar Zumunta ta ce mini abin da aka ɓata a bainar jama'a ba a gyara shi a ɗaki. Ranar Lahadi bayan wa'azi na tashi a gaban ikilisiya da takardar asibiti a hannuna, na faɗi abin da na yi da abin da gwaji ya nuna. Na bi gidajen maƙwabtan da suka zo da tocila ɗaya bayan ɗaya, Kirista da Musulmi, na faɗa musu. Bayan wata takwas Mama ta dawo. Ranar na ɗauko kwano na zauna a ƙofar gida inda kowa zai gani, muka sa hannu tare. Duk da haka akwai waɗanda ba su ƙara sayen daddawarta ba har ta koma ga Ubangiji shekara biyar bayan nan. Wannan tabon ni na yi shi, gafarar da na samu ba ta goge shi daga bakin mutane ba. Ni na yi jinyarta, ni na yi mata wanka na ƙarshe.

Ɗana yanzu yana shekara goma sha huɗu. Yana shan folik asid da maganin kariya daga zazzaɓi kullum, yana kwana a gidan sauro, gorar ruwa ba ta rabuwa da jakarsa, in hunturu ya kama sai safa da rigar sanyi tun la'asar. Ni da maigida muka yanke shawarar tsayar da haihuwa. Muryar nan ba ta mutu ba. Takan dawo musamman a daren asibiti, in ina zaune a kujerar roba ina kallon ruwa yana ɗiga. Bitrus ya ce Magabci yana zagawa kamar zaki mai ruri, kuma na lura rurin ya fi ƙarfi in na gaji, in ina jin yunwa, in na ɓoye abu a raina. Yanzu na san muryarsa. In ta fara sai in kira ɗaya daga cikin matan Zumunta ko ƙarfe nawa ne, mu yi addu'a a waya, in karanta Zabura 91 a bayyane har bugun zuciyata ya sauka.

A hunturun da ya wuce, muna kwance a asibiti, na ba shi labarin daren nan, domin gara ya ji daga bakina. Ya yi shiru yana wasa da gefen bargon da ya rufa da shi, bargon kakarsa ne, shi yake ɗauka duk zuwanmu. Can ya ce, "Mama, da ciwon gwiwar tata ta tsallaka?" Na ce e, sau uku. Ya ja bargon har wuyansa, ya ce in mun koma gida in kai shi kabarinta. Ranar Asabar bayan an sallame mu muka je, shi da yayarsa da ni, muka tafi da fartanya muka share ciyawar da ta rufe shi.